Hanya da mulkin kai a Luksamburg: tarihin shiga ƙasar da zirga-zirga a cikinta tun daga 1815

1. Gabatarwa

Kalmomi uku ne suka kai mu ga wannan batu. A harshen Luksamburg, wanda masu shi suke kira Lëtzebuergesch, ana ce wa jirgin ƙasa Zuch, kalmar da kowa zai gane ƴar'uwar Zug ce ta Jamusanci. Amma wurin da jirgin yake tsayawa sunansa Gare, tikitin shiga kuma Billjee, su biyun daga Faransanci. Harshen kansa reshe ne na Jamusancin kwarin kogin Moselle, don haka abin da mai nazari zai zata shi ne ya tarar da Bahnhof da Fahrkarte kamar a Trèves, wadda ba ta fi tafiyar awa ɗaya ba. Aron kalmomi daga Faransanci ya girmi layin dogo a wannan ƙasa, ba ma musun haka. Duk da haka tambayar ta cancanci a yi ta: wa ya gina tashar, wa ya riƙa sayar da tikitin? Da muka bi sawun amsar sai muka tarar kusan duk tarihin siyasar ƙasar ne muke karantawa. A wannan maƙala za mu nuna cewa Luksamburg ta samu tuta da sarki da majalisa shekaru da yawa kafin ta mallaki hanyoyin da ake shiga cikinta.

Ƙasar tana da faɗin murabba'in kilomita 2.586, tsawonta daga arewa zuwa kudu kilomita 82, daga gabas zuwa yamma 57. Ba ta da teku. Baljik ce a yammanta, Jamus a gabas, Faransa a kudu.

2. Birnin da aka gina don hana wucewa

Asalin birnin Luksamburg ƴar ganuwa ce a kan wani dutse da ake kira Bock, wadda wani basarake mai suna Sigefroi ya karɓa a shekarar 963 daga hannun gidan ibadar Saint-Maximin na Trèves. Wurin yana kusa da tsohuwar hanyar Rumawa da ta taso daga Reims zuwa Trèves, kuma kwaruruwa masu zurfi na ƙoramun Alzette da Pétrusse sun kusan zagaye shi. Duk daular da ta riƙe shi ta ƙara masa ganuwa: Sifaniyawa, sannan Faransawa bayan sun ci birnin a 1684 suka sa Vauban ya sake tsara shi, sannan ƴan Ostiriya. Amfanin birnin a idon waɗannan dauloli shi ne ya toshe hanya.

Taron Biyana na 1815 ya mayar da yankin ƙasa mai Gran-Duk, ya ba da sarautar ga sarkin Holan, Guillaume na ɗaya, ya kuma saka ƙasar cikin tarayyar ƙasashen Jamus, abin da ya bai wa Prusiya damar ajiye sojojinta a cikin ganuwa. Wato sarki yana La Haye, bindigogi suna hannun Barlin, talakawa kuwa suna noma ƙasa maras albarka, musamman a tsaunukan arewa. Guillaume na ɗaya ya yi tunanin haɗa kogin Meuse da Moselle ta hanyar haƙa magudanar jiragen ruwa. An fara aikin a 1827, tawayen Baljik na 1830 ya tsayar da shi, kuma ramin da aka soma fasawa ƙarƙashin tudu a kusa da ƙauyen Hoffelt yana nan ba a gama ba. Yarjejeniyar Landan ta 1839 ta yanke ɓangaren yamma, inda mafi yawan jama'a suke magana da Walon da Faransanci, ta miƙa wa Baljik. Abin da ya rage ƙasa ce mai mutane wajen dubu 170, kusan dukansu masu harshen gida ɗaya. A 1842 ta shiga ƙungiyar duwan ta Jamus, Zollverein, a 1843 kuma doka ta wajabta koyar da Jamusanci da Faransanci tun daga firamare. A waɗannan shekaru hanyar da ta fi cika ita ce ta fita: dubban manoma sun bi ta Anvers da Le Havre zuwa Amurka.

3. Layin dogo na farko da waƙarsa

An yi dokar ba da izinin shimfiɗa layin dogo a 1855, aka kafa kamfanin Guillaume-Luxembourg a 1857 da sunan sarki Guillaume na uku. Jarin ya fito galibi daga Faransa, kuma kamfanin bai taɓa tuƙa jiragensa da kansa ba; ya ba da hayar layin ga Compagnie des chemins de fer de l'Est ta Paris. A 1859 aka buɗe layin Thionville da na Arlon, a 1861 na Trèves, sannan layin arewa ya bi kwarin Alzette ya kai Ettelbruck a 1862, ya isa Troisvierges a ƙarshen 1866, ya haɗu da na Baljik a shekarar da ta biyo. A nan muke ganin rabin amsar tambayarmu: a shekarun da jama'a suka fara sanin jirgi, ma'aikatar da ta riƙe tasha ta Faransa ce, takardunta da sunayen muƙamanta da Faransanci.

Sai dai kumandan sojan Prusiya yana da nasa sharaɗi. Bai yarda dogo ya shiga cikin ganuwa ba. An ajiye tasha a waje, a ƙasar Hollerich, inda igwa za ta iya kai mata, kuma aka gina ta da katako domin a iya rushe ta cikin hanzari idan yaƙi ya zo. Matafiyin da ya sauka dole ya haye kwarin Pétrusse kafin ya shiga gari, shi ya sa aka gina gadar da ake kira Passerelle tsakanin 1859 da 1861. Har yanzu baƙon da ya sauka a tashar Luksamburg yana mamakin nisanta da tsohon birni; tazarar nan gadon dokar soja ce da ta mutu tun 1867.

Domin bikin buɗe layin a watan Oktoba na 1859, mawaƙi Michel Lentz ya tsara waƙar Feierwon, wato "keken wuta". Bai rubuta ta da Faransancin kamfani ba, bai kuma rubuta ta da Jamusancin bariki ba, ya rubuta ta da harshen gida, wanda littafinsa na farko, na Antoine Meyer, bai wuce shekara 30 da fitowa ba. Waƙar ta daɗe tana matsayin taken ƙasa a bakin jama'a, kuma daga amshinta aka ciro kirarin da ƙasar take yi wa kanta har yau, mai nuna ƙin zama ɓangaren wata daula. Abin lura ga masanin harshe shi ne lokacin: ranar da dogo ya haɗa ƙasar da biyu daga cikin maƙwabtanta, ranar ce harshen da ake ɗauka na kicin da gona ya fito fili da maganar siyasa. Kalmar Feierwon kanta ba ta zauna a matsayin sunan jirgi na yau da kullum ba, Zuch ce ta yi nasara. Hausa ta fi sa'a a nan, domin "jirgin ƙasa" da ta ƙera da kayan gida ya zauna daram.

4. Daga 1867 zuwa 1918: ƴancin takarda, dogon Jamus

A 1867 Napoléon na uku ya nemi sayen ƙasar daga sarkin Holan, Bismarck ya ƙi, har aka kusa yaƙi. Taron Landan na 11 ga Mayu 1867 ya yanke cewa Luksamburg ta zama ƴar ba-ruwanmu ta har abada, sojojin Prusiya su fice, a rushe ganuwa. Rushewar ta ɗauki shekara 16. Birnin ya buɗe, aka yanka tituna a inda dā ramuka da katangu suke, daga baya aka gina gadar Adolphe tsakanin 1900 da 1903 bisa tsarin injiniyan Faransa Paul Séjourné, da bakan dutse mai faɗin mita 84 da ɗoriya, wanda babu kamarsa a duniya a lokacin.

Zama ƴar ba-ruwanmu yana da wuya ga ƙasar da dogonta yake hannun ɗaya daga cikin masu faɗa. A watan Satumba na 1870, sa'ad da Jamusawa suka yi wa Thionville ƙawanya, wani jirgi ɗauke da abinci ya tashi daga Luksamburg ya shiga garin da taimakon ma'aikatan kamfanin Est. A Disamba Bismarck ya yi shelar cewa ba ya ganin yarjejeniyar 1867 ta ƙara ɗaure shi. Ƙasar ta tsira, amma da farashi: bayan Jamus ta ƙwace Alsace da wani ɓangare na Lorraine, yarjejeniyar 1872 ta miƙa tafiyar da layin Guillaume-Luxembourg ga hukumar dogon daular Jamus mai hedkwata a Strasbourg. An rubuta a ciki cewa ba za a yi jigilar soja ko kayan yaƙi a kan layin ba. An sabunta ta a 1902.

A wannan tsakanin tattalin arziki ya sauya gaba ɗaya. A kudancin ƙasar, wajen Esch da Dudelange da Differdange, akwai tama da ake kira minette, mai ƙarancin ƙarfe da yawan sinadarin fosfor, wanda yake sa ƙarfen ya yi saurin karyewa. Dabarar Thomas ta ƙarshen shekarun 1870 ta warware matsalar, masana'antar Dudelange ta fara aiki da ita a 1886, kamfanin ARBED ya kafu a 1911. Amma narka tama yana bukatar gawayin kwal, kuma Luksamburg ba ta da kwal ko kaɗan. Daga Jamus yake zuwa a cikin taragu, ƙarfen kuma ya koma kasuwar Zollverein a cikin taragu. Wani kamfani na biyu, Prince-Henri, mai jarin Baljik, ya shimfiɗa layukansa tun daga 1873, ya zagaye yankin tama da ƙauyukan da layin farko ya bari. Ma'aikata sun shigo daga Jamus, daga 1890 kuma daga Italiya da yawa. Ƙasar da dā ake gudu daga cikinta ta koma wurin neman aiki. Tashar katako ma an maye gurbinta tsakanin 1907 da 1913 da ginin dutse mai hasumiyar agogo wanda yake tsaye har yau, kuma magina Jamusawa ne suka zana shi.

Da yammacin 1 ga Agusta 1914 sojojin Jamus suka shiga tashar Troisvierges. Washegari suka mamaye ƙasar baki ɗaya. Hujjar da Barlin ta bai wa shugaban gwamnati Paul Eyschen ita ce kare layin dogon da Jamus take gudanarwa. Sharaɗin 1872 bai hana komai ba, kuma a ganinmu ba zai iya hanawa ba, tun da wanda aka ce kada ya ɗauki soja shi ne mai riƙe da injuna da jadawali da wayar tangarahu.

5. Ƙananan jirage masu sunan mutane

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu tsaya kan zirga-zirgar cikin gida, inda harshen gida ya fi samun sarari. Daga 1882 aka shimfiɗa ƙananan layuka masu faɗin mita ɗaya domin kai wa ƙauyuka. Hukuma ta ba su sunaye da Faransanci, jama'a kuwa suka raɗa musu sunan yanka kamar ƴaƴa. Na Remich, a bakin Moselle, ya zama Jhangeli, wato ɗan ƙaramin Jean. Na Diekirch zuwa Vianden ya zama Benni. Na Echternach, wanda aka buɗe a 1904 yana bi ta kan gadar Adolphe, ya zama Charly, daga sunan Charles Rischard, ministan ayyuka na lokacin da aka tsara shi. Mota da bas sun kashe su ɗaya bayan ɗaya: Benni a 1948, Charly a 1954, Jhangelin Remich a 1955. An mayar da wasu daga cikin hanyoyinsu titin kekuna, sunayen kuwa sun tsira. A birni akwai wurin da har yanzu ake kira Charlys Gare alhali shekara 70 ke nan babu jirgi a wurin.

Sunayen tashoshi ma darasi ne. Troisvierges a jadawalin jirgi, Ulflingen a takardun Jamus, Ëlwen a bakin mutanen garin. Clervaux, Clerf, Klierf. Thionville ta zama Diedenhofen daga 1871 zuwa 1918, ƴan Luksamburg kuma suna ce mata Diddenuewen. A allunan shiga gari na yau, sunan hukuma yana sama, na harshen gida yana ƙasa da shi. Ɗalibanmu da suka san Zinder da Damagaram, ko Niamey da Yamai, ba sa bukatar dogon bayani.

6. Yadda dogo ya dawo gida

Bayan yaƙin duniya na farko ƙasar ta fita daga Zollverein. A ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1919, kashi 73 cikin ɗari suka zaɓi haɗin tattalin arziki da Faransa. Faransa ta ƙi, ta bar wa Baljik, aka sa hannu kan haɗin gwiwar ƙasashen biyu a 1921. Amma Faransa ta riƙe tafiyar da layin Guillaume-Luxembourg ta hannun hukumar dogon Alsace da Lorraine, daga 1938 kuma ta hannun SNCF. Batun ya yi zafi har ya kayar da gwamnati: a 1925 majalisa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar da za ta haɗe layukan ƙasar ƙarƙashin rinjayen Baljik, Émile Reuter ya yi murabus.

Mamayar 10 ga Mayu 1940 ta haɗe dogon da Reichsbahn, ta haramta Faransanci, ta canza sunayen tituna har da na mutane. A ƙidayar 10 ga Oktoba 1941 an tambayi kowa ƙasarsa da harshen uwarsa da ƙabilarsa, ana son ya ce Bajamushe ne. Da gwajin farko ya nuna mafi rinjaye suna rubuta sunan ƙasarsu a duka gurabe ukun, sai aka soke ƙidayar. Kwana shida bayan haka, ranar 16 ga Oktoba, jirgi ya tashi daga tashar Luksamburg da Yahudawa fiye da 300 zuwa Lodz a Polan, kaɗan ne ƙwarai suka dawo. Daga tashar Hollerich aka riƙa kwashe samarin da aka tilasta wa shiga sojan Jamus bayan Agusta 1942, tare da iyalan da aka kora gabas.

Sai a 1946 aka kafa kamfanin ƙasa, CFL, ya haɗe dukan layuka. Ko a nan ma gwamnatin Luksamburg kashi 51 ta samu, Faransa da Baljik suka raba sauran daidai. Daga baya ne rabonta ya hau zuwa kashi 94. Shekara 107 ke nan tsakanin 1839 da ranar da ƙasar ta fara tuƙa jiragenta. Da aka zo sa lantarki a 1956 ma, layin Faransa ya ɗauki tsarin Faransa, na Arlon ya ɗauki na Baljik, aka zauna da tsari biyu a tasha ɗaya har 2018. Wani abin dariya kuma: sa'ad da hukumar kwal da ƙarfe ta Turai ta fara zama a Luksamburg a Agusta 1952 ƙarƙashin Jean Monnet, ginin da aka ba ta a dandalin Metz shi ne na ofishin dogo.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai iya jin wannan labari a jikinsa, ko da yake Nijar ta ninka Luksamburg sau 490 a faɗi, kuma kwatancin bai kamata ya yi nisa ba. Gyaɗar kudancin Nijar ta daɗe tana fita ta kan dogon Ingilishi a Kano da Ƙaurar Namoda da Nguru, har Faransa ta ƙirƙiro Opération Hirondelle a 1953 domin karkata ta zuwa Paraku da Kwatano. Shaidar tana cikin bakinmu: a ƙasar da Faransa ta mallaka, "tasha" da "tikiti" muke cewa, kuma daga Ingilishi suka zo, ta hanyar Kano.

7. Ruwa, sama, da iyakar da ta buɗe

Bayan 1950 ƙasar ta nemi ƙofofin da ba na dogo ba. An gyara Moselle domin manyan jiragen ruwa bisa yarjejeniyar 1956 da Faransa da Jamus, aka buɗe a 1964, tashar ruwa ta Mertert ta biyo a 1966, ƙarfe ya samu hanyar Rhin zuwa teku. A sama kuwa ƙanƙantar ƙasar ce ta yi mata rana. Kamfanin Loftleidir na Aislan, wanda ba ya cikin ƙungiyar da take tsayar da farashin tikiti, ya fara sauka a filin Findel a 1955, kuma shekaru da dama hanyar New York zuwa Luksamburg ta Reykjavik ita ce mai arha ga ɗaliban Amurka masu zuwa Turai. Su sauka su hau jirgin ƙasa su wuce. Luxair ya fara jigila a 1962, Cargolux na kaya ya kafu a 1970. Jirgin TGV ya iso a 2007, Paris ta zama tafiyar awa biyu da ƴan mintoci.

Ranar 14 ga Yuni 1985 wakilan Faransa da Jamus ta Yamma da Baljik da Holan da Luksamburg suka sa hannu kan soke binciken iyaka, a cikin jirgin ruwan Princesse Marie-Astrid, a gaban ƙauyen Schengen inda iyakokin ƙasashe uku suka haɗu. An fara aiki da tsarin a Maris 1995. Shekara ɗaya kafin sa hannun, dokar 24 ga Fabrairu 1984 ta ayyana Lëtzebuergesch harshen ƙasa, ta bar rubuta doka ga Faransanci, ta yarda da harsuna uku a ofis da kotu. Ba mu ce ɗayan ne ya haifi ɗayan ba, amma karo na biyu ke nan, bayan 1859, da buɗe ƙofa da tabbatar da harshe suka zo tare.

A 2024 mazauna ƙasar sun kai wajen dubu 670, kusan rabinsu baƙi, kuma ma'aikata fiye da dubu 200 suna shigowa kowace safiya daga maƙwabta, kusan rabi daga Faransa. Tsadar gida ta tura har ƴan ƙasa zama a hayin iyaka. Babbar hanyar A31 daga Metz tana cushewa safe da yamma. Birnin da ya tumɓuke tiram ɗinsa a 1964 ya sake shimfiɗa wani a Disamba 2017, wanda ya kai tashar jirgi a 2020, ya kai filin Findel a 2025. Daga 1 ga Maris 2020 kuma aka daina biyan kuɗin bas da tiram da jirgin ƙasa a duk faɗin ƙasar, ban da aji na farko. Matakin bai yi tsada kamar yadda ake zato ba, domin kuɗin tikiti, wajen Yuro miliyan 41 a shekara, bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake kashewa ba. Amma kyautar tana ƙarewa a iyaka, kuma ma'aikaciyar asibiti mai tasowa daga Thionville tana biyan ɓangaren Faransa.

Mako biyu bayan fara wannan kyauta, ranar 16 ga Maris 2020, Jamus ta mayar da bincike a iyakarta saboda annobar korona, ta toshe wasu gadoji na Moselle da Sûre har tsakiyar Mayu. Gwamnatin Luksamburg ta shiga roƙon maƙwabta kada su hana ma'aikatan lafiya wucewa, domin kaso mai yawa na masu jinya a asibitocinta a waje suke kwana. A Satumba 2024 Jamus ta sake kafa bincike a dukan iyakokinta na ƙasa, wannan karon da hujjar shige da fice, kuma ɗaya daga cikin wuraren da ƴan sanda suka tsaya shi ne babbar hanyar da ta haye Moselle a Schengen.